Jawo Labarai da Hotuna daga Waje zuwa Shafin Wiki: Nazarin Dacewarsa da Ƙananan Garuruwa Irin Issawane

Tsakure

Maƙalar nan ta duba dabarar da ke sa shafin wiki ya riƙa nuna kanun labarai da hotunan da ake jawowa kai tsaye daga wasu kafofi, ba tare da wani ya zauna ya rubuta su ba. An ɗauki Issawane, ƙaramar hukumar karkara a gundumar Mayahi ta jihar Maradi, a matsayin ma'auni. Matsayar maƙalar ita ce dabarar tana yi wa manyan birane aiki, amma a ƙaramin gari takan cika shafi da abin da ba nasa ba.

1. Gabatarwa

Ward Cunningham ne ya buɗe wiki na farko a 1995. A yau ginshiƙin tsarin shi ne kowace kalma da ke shafi tana da wanda ya sa ta, da lokacin da ya sa ta, kuma ana iya komawa tarihin shafin a gani. Shekara huɗu bayan wikin farko kamfanin Netscape ya fito da RSS, wato magudanar labarai: ɗan fayil da kafar labarai ke sabuntawa, ɗauke da kanun kowane labari da taƙaitaccen bayani da kwanan wata da adireshinsa. Atom ya biyo baya a 2005 da aiki iri ɗaya. Haɗa wiki da magudanar labarai a shafi guda yana nufin wani yanki na shafin ya fita daga hannun editoci. Nazarin ya dogara ne ga bayanan manhajojin da kansu da kuma tarihin kafofin da ke watsa labarai da Hausa.

2. Yadda dabarar ke aiki

A manhajar wiki ta DokuWiki layi ɗaya ya isa. Edita zai rubuta adireshin magudanar, ya faɗi adadin kanun da yake so. Manhajar takan sabunta su bayan awa 4 idan ba a sa mata wani lokaci ba, kuma ba ta yarda da ƙasa da minti 10. A MediaWiki, manhajar da Wikipedia ke aiki da ita, sai an girka ƙarin RSS, kuma mai kula da shafin ne ke jera adireshin da aka amince da su. Akwai damar tacewa, a ce kada a nuna labari sai wanda ke ɗauke da kalma kaza. Shafin hotuna na Flickr, wanda aka kafa a 2004, shi ma yana fitar da magudanar hotuna bisa laƙabin da masu hoto suka maƙala.

Wikipedia ba ta buɗe wannan ƙofa a maƙalolinta ba. MediaWiki ma tana zuwa ne da damar nuna hoton waje a rufe. Dalili ɗaya shi ne sirrin mai karatu, domin duk hoton da aka jawo daga wata kafa yana miƙa mata adireshin intanet na wanda ya buɗe shafin. Wani dalilin shi ne mai hoton na iya musanya shi da wani abu dabam a kowane lokaci, tarihin shafin kuwa ba zai nuna komai ba.

3. Ma'aunin Issawane

A nan ne rauni ya fi fitowa. A ɗauka wata makaranta ko ƙungiyar manoma ta kafa wiki nata, ta buɗe shafin Issawane, ta ce a tace mata labarai da sunan garin. Manyan kafofi ba su cika ambaton ƙaramar hukuma irin wannan ba, don haka akwatin zai daɗe wayam. Idan aka faɗaɗa zuwa sunan garin Tasawa, sai matsalar rubutu ta taso: kafar Faransanci za ta rubuta Tessaoua, ta Hausa ta rubuta Tasawa, matatar kuwa haruffa take kwatantawa, ba ta san gari ɗaya ba ne. Idan aka ƙara faɗaɗawa zuwa kalmar Niger, za a kwaso labaran Najeriya da na jihar Neja da na kogin Kwara. Manomin da ya kashe kuɗin data a wayarsa don ya ga farashin gero ko wake a kasuwannin Mayahi zai tarar da siyasar Abuja.

Sai batun ɗorewa. BBC ta fara shirin Hausa a 1957, RFI a 2007, duk da haka hukumomin Nijar sun dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, suka kuma dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024. A Maris 2025 umarnin gwamnatin Amurka ya tsayar da ayyukan Muryar Amurka. Kowace kafa tana ƙarƙashin hukuncin da editan ƙauye ba shi da ta cewa a kansa, kuma abin da ta wallafa zai bayyana a shafinsa da sunan ƙungiyarsa a sama. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Ko Studio Kalangou, da ke aiki daga Yamai tun 2016 kuma ya fi kusa da karkara, ta gidajen rediyon al'umma yake isa ga yawancin masu sauraronsa. Labarin yankin a murya yake yawo, magudanar kuwa rubutu take ɗauka.

Hotuna ma haka. Panoramio, wanda ya tara hotunan wurare masu ɗimbin yawa, Google ya rufe shi a 2016, kuma waɗanda aka riga aka kwafa zuwa Wikimedia Commons suna nan har yanzu. Commons, da aka buɗe a 2004, ba ya karɓar hoton da lasisinsa ya hana amfanin kasuwanci, kuma yakan tantance lasisin hoton Flickr a lokacin da aka ɗauko shi. Magudana ba ta yin wannan tantancewa. Ga kuma inda layi ke ɗaukewa: Kiwix na ba da damar karanta wiki ba tare da intanet ba, amma abin da aka adana kaɗai yake iya nunawa.

4. Shawarwari

Ban ce a yi watsi da dabarar ba. Wiki na sashen jami'a a Maradi ko Kano zai amfana da ita idan aka taƙaita ta ga kafa ɗaya ko biyu da aka sani, aka kuma rubuta ƙarara a saman akwatin cewa daga waje abin ya fito. Shafin Issawane kuwa buƙatarsa mutum ne ɗan yankin da zai ɗauki hoton kasuwa da rijiya da gawon da aka bari ya tofo a gonaki, ya sa wa kowane kwanan wata da sunan ƙauye, ya ɗora a Commons. Daga nan InstantCommons zai ba kowane wiki na MediaWiki damar nuna shi. Tunda kundin mulkin ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ina kira ga malamai da ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi da su ɗauki wannan aiki, su fara da ƙananan hukumomin Mayahi da Tasawa, su rubuta bayanin kowane hoto da Hausa.