Tanderun ɗumama gida

Tanderun ɗumama gida na'ura ce da ke ƙona makamashi domin ta zafafa iska, sannan ta hura iskar ta cikin bututu zuwa ɗakunan gida. An fi amfani da shi a Amurka da Kanada, inda a yankuna da dama sanyin hunturu kan sauka ƙasa da digiri sifili na tsawon watanni. Yawancin tanderun da iskar gas suke aiki, wasu kuma da man ɗumama gida mai kama da dizal, ko da wutar lantarki. Kimanin rabin gidajen Amurka da iskar gas ake ɗumama su. Akan girka tanderu a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ko a gareji, ko a wani ɗan lungu na gida.

Lalacewar tanderu a tsakiyar hunturu babbar matsala ce. Ruwan da ke cikin bututun famfo yana iya daskarewa ya fasa bututun, tsofaffi da jarirai suna iya kamuwa da tsananin sanyi, kuma tanderu mai lahani yana iya fitar da iska mai guba. Tanderun zamani yana bin jerin matakai iri ɗaya duk lokacin da zai kunnu, saboda haka matakin da ya tsaya a kai shi ke nuna inda matsalar take.

Suna

A Turancin Amurka ana kiran na'urar furnace, kalmar da ta samo asali daga fornax ta Latin, wato tanda, ta hanyar tsohon Faransanci. A Ingila kalmar ta fi nufin tanderun masana'anta na narka ƙarfe. Gidajen Ingila galibi da tukunyar zafafa ruwa ake ɗumama su, wadda suke kira boiler. Ita ruwan zafi take turawa cikin bututu, shi kuwa tanderu iska yake turawa, don haka matsalolinsu da gyaransu sun bambanta.

Tarihi

Tanderun ƙarni na 19 da gawayin kwal ko itace suke aiki, kuma ba su da fanka. Iska mai zafi ce ke tashi sama da kanta ta cikin manyan bututu. A 1883 Warren S. Johnson ya yi rajistar tamostat mai aiki da lantarki, wato na'urar da ke auna zafin ɗaki ta ba da umarnin ƙarawa ko ragewa. A 1919 wata Ba'amurkiya baƙar fata mai suna Alice H. Parker ta yi rajistar tsarin tanderu mai aiki da gas. A shekarun 1930 aka fara yawaita haɗa tanderu da fankar lantarki, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma gas da mai suka maye gurbin kwal a yawancin gidaje. Cikin kamfanonin da suka shahara wajen ƙera shi akwai Carrier, da Trane, da Lennox, da Goodman, da Rheem.

Yadda yake aiki

Idan zafin ɗaki ya sauka ƙasa da yadda aka saita, tamostat yana aika siginar lantarki mai ƙarfin bolt 24 zuwa allon sarrafawa, wanda shi ne ƙwaƙwalwar tanderun. Daga nan matakan su ne:

1. Ƙaramar fanka mai janye hayaƙi ta tashi.
2. Makunnin matsi ya tabbatar cewa iska tana fita ta bututun hayaƙi.
3. Ƙyastun lantarki ya yi jajawur don zafi. Tsofaffin tanderu suna da ɗan harshen wuta da ke ci dare da rana a maimakonsa.
4. Bawul ɗin gas ya buɗe, kawunan wuta su kama.
5. Sandar gane wuta ta tabbatar cewa wutar ta kama. Idan ba ta tabbatar ba cikin 'yan daƙiƙu, sai a rufe gas.
6. Bayan kimanin rabin minti zuwa minti ɗaya, babbar fanka ta fara hura iska zuwa ɗakuna.

Wutar tana ci ne a cikin akwatin musayar zafi, wani ƙarfe mai lanƙwashe-lanƙwashe. Hayaƙi yana bi ta cikinsa ya fita waje, iskar gida kuma tana gogar bayansa ta ɗauki zafi. Bai kamata su biyun su gauraya ba.

Gano matsala

Abin da mai gida zai iya dubawa

Sau da yawa abin da ke hana tanderu tashi ƙaramin abu ne. Akan fara da tamostat: ko an saita shi a kan ɗumamawa, ko batirinsa ya mutu. Sai bireka da makunnin da ke jikin tanderun, wanda ya yi kama da na fitila, har wani kan kashe shi bisa kuskure. Sai ƙofar tanderun, domin idan ba ta rufu sosai ba, na'urar ba za ta tashi ba. Sai filta, wadda idan siririya ce ake so a sauya ta duk wata ɗaya zuwa uku. A lokacin dusar ƙanƙara akan duba bakin bututun da ke waje ko ya toshe.

A jikin allon sarrafawa akwai ɗan ƙwan fitila da ke ƙyaftawa. Yawan ƙyaftawar lamba ce da ke nuna matsalar, kuma fassarar lambobin tana manne a jikin ƙofar tanderun. Kowane kamfani da irin lambobinsa.

Alamomi da abin da suke nufi

Idan babu abin da ya motsa ko kaɗan, matsalar ta wutar lantarki ce, ko tamostat, ko fiyus ɗin allon sarrafawa.

Idan ƙaramar fanka ta tashi amma ƙyastu bai yi ja ba, galibi makunnin matsi ne bai ba da izini ba, saboda toshewar bututun hayaƙi ko taruwar ruwa, ko kuma ƙyastun ne ya tsage.

Idan wuta ta kama sannan ta mutu bayan 'yan daƙiƙu, an fi zargin sandar gane wuta. Datti kan lulluɓe ta har ta kasa aikinta, kuma sau da yawa gogewa kawai take bukata. Tanderu da dama sukan gwada kamar sau uku, sannan su kulle kansu na wani lokaci.

Idan tanderu yana kunnuwa yana mutuwa bayan 'yan mintuna, zafi ne ya yi masa yawa har makunnin iyaka ya kashe wutar. Babban dalili shi ne filta mai datti ko rufe ƙofofin iska na ɗakuna. Tanderun da ya fi ƙarfin gidan da aka girka shi ma yakan yi haka.

Ƙara ma alama ce. Ƙuwwa mai tsini tana nuna boris ko bel ɗin fanka ya ci. Ƙarar fashewa lokacin kunnuwa tana nuna gas ya taru kafin wuta ta kama, kuma wannan na bukatar ƙwararre. Harshen wuta mai lafiya shuɗi ne a tsaye. Idan ya koma rawaya yana kaɗawa, gas ba ya ƙonewa yadda ya kamata.

Yawancin waɗannan tsaye-tsayen aikin na'urorin kariya ne. Shi ya sa masu gyara ke hana a haɗa waya a tsallake wani makunni don tanderu ya ci gaba da aiki.

Haɗari

Babban haɗarin tanderu shi ne kabon monoksayid, iska marar launi marar wari da ke fitowa idan makamashi bai ƙone sosai ba. Tana manne wa jini fiye da iskar shaƙa sau fiye da 200. Alamominta ciwon kai ne, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, shi ya sa akan ɗauka mura ce. Hukumar CDC ta Amurka ta ce sama da mutum 400 ke mutuwa duk shekara a ƙasar sakamakon shaƙar ta bisa haɗari ba tare da gobara ba, sama da 100,000 kuma ake kai wa sashen gaggawa na asibiti. Ita ce iskar da ke halaka mutane idan aka kwana da janareta ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Tsagewar akwatin musayar zafi ko toshewar bututun hayaƙi na iya shigar da ita gida, don haka jihohi da dama suka wajabta sanya ƙararrawar da ke gano ta.

Iskar gas ba ta da wari, kamfanoni ne ke ƙara mata sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan ya yaɗu ne bayan fashewar wata makaranta a New London ta jihar Texas a 1937, inda kusan mutum 300 suka rasu. Idan aka ji warin, ƙa'ida ita ce a fita daga gidan ba tare da taɓa makunnin wuta ba, a kira kamfanin gas daga waje.

Kuɗin gyara

Kuɗin gyara ya dogara da yanki, da lokaci, da irin tanderun. A Amurka a farkon shekarun 2020, zuwan mai gyara ya duba kawai yakan kama daga dala 75 zuwa 200, kuma yakan ƙaru da dare ko ranar hutu. Sauya sandar gane wuta ko ƙyastun lantarki yakan tsaya tsakanin dala 100 zuwa 400, ko da yake kayan da kansu 'yan gomomin dala ne, sauran ladan aiki ne. Bawul ɗin gas, da allon sarrafawa, da ƙaramar fanka sukan ci ɗaruruwan dala. Injin babbar fanka yana iya wuce dala 1,000. Akwatin musayar zafi shi ya fi tsada, daga dala 1,000 zuwa sama, domin sai an kwance kusan dukan tanderun. Sabon tanderu tare da girkawa yakan kai dala 3,000 zuwa 7,000 ko fiye.

Garantin kamfani yakan rufe kayan gyara na shekara 5 zuwa 10, akwatin musayar zafi kuma shekara 20 ko fiye, amma galibi ba ya haɗawa da ladan aiki. Idan mai gyara ya ce akwatin ya tsage, yakan rufe gas ya manna jar takarda. Tunda hukuncin na da tsada, akan shawarci mai gida ya nemi a nuna masa tsagar, ko ya kira wani mai gyaran ya sake dubawa.

Gyara ko sauyawa

Tanderun gas yakan yi shekara 15 zuwa 20. Masu sana'ar suna da wani lissafi na al'ada: a ninka shekarun tanderu da kuɗin gyara, idan ya wuce 5,000 sauyawa ta fi. Gyaran dala 400 a tanderu mai shekara 8 ya ba da 3,200, a mai shekara 18 kuwa 7,200.

Akan kuma duba ingancin ƙona makamashi, wanda ake aunawa da ma'aunin AFUE. Tanderu mai kashi 80 yana asarar kashi 20 na zafi ta bututun hayaƙi. Mai kashi 95 yana da akwatin musayar zafi na biyu, kuma yana rage shan gas da kimanin kashi 16 idan aka kwatanta su, sai dai yana fitar da ruwa mai tsami da ke bukatar magudana. Kanada ta wajabta kashi 95 tun 2019. A 2023 Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta fitar da ƙa'idar kashi 95 ga sababbin tanderun da za a ƙera daga ƙarshen 2028.

Doka da tallafi

A gidan haya, gyaran tanderu nauyin mai gida ne. A birnin New York, daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, dole zafin ɗaki ya kai digiri 20 a ma'aunin Salshiyas da rana idan waje ya yi sanyi, da dare kuma kusan digiri 17. Ga masu ƙaramin ƙarfi akwai shirin LIHEAP na gwamnatin tarayya, wanda aka kafa a 1981, yana taimakawa da kuɗin makamashi, a jihohi da dama har da gyaran tanderu ko sauya shi. Kamfanonin ƙera tanderu suna ba da shawarar ƙwararre ya duba shi sau ɗaya a shekara, kafin sanyi ya shigo.