Daga Asibitin Zana zuwa Ibadan: yadda Nijeriya ta koyi tsaron binciken lafiya

A bazarar 1996 sanƙarau ya sauka a Arewa da ƙarfin da tsofaffi ma ba su tuna irinsa ba. Kafin ruwan sama ya kwantar da ƙura, mutum fiye da 100,000 sun kamu a Nijeriya, sama da 11,000 kuma sun riga mu gidan gaskiya. A Kano, Asibitin Zana ya cika ya batse, ga ƙyanda da amai da gudawa sun taru sun yi wa gari rubdugu. Cikin wannan hali ne tawagar kamfanin Pfizer na Amurka ta iso da sabon magani mai suna Trovan, ta gudanar da gwaji kan yara kusan 200. Aka ba rabinsu Trovan, rabin kuma maganin da aka saba da shi, ceftriaxone. Yara 11 suka rasu, biyar daga rukunin farko, shida daga na biyu. Wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta jawo haka, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyaye da yawa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Su dai sun kawo 'ya'yansu asibiti ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin labarin nan wata takarda ce guda. A ƙarshen 2000 jaridar Washington Post ta tono maganar, sannan ta bayyana cewa takardar izinin gwajin, wadda ke ɗauke da sunan kwamitin ɗa'ar bincike na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, daga baya aka rubuta ta aka mayar da kwanan wata baya. Shugaban asibitin da kansa ya ce a lokacin gwajin babu wannan kwamiti. Ashe ƙofar da ya kamata a tsaya a yi sallama ba ta da ko mai gadi. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa don bincikar lamarin ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi ya kammala rahotonsa a 2001, rahoton ya yi ta kwana a aljihun tebur sai a 2006 ya fito fili.

Ba ƙa'idoji duniya ta rasa ba a 1996. Tun 1947, bayan shari'ar likitocin Nazi a Nuremberg, aka rubuta cewa ba a gwaji kan ɗan Adam sai da yardarsa. Ƙungiyar likitocin duniya ta ƙara nata a Helsinki a 1964. Amurka kanta ta sha kunyar Tuskegee, inda daga 1932 zuwa 1972 aka zuba wa ɗaruruwan baƙaƙen fata masu ciwon tunjere ido ba magani, don kawai a ga yadda cutar ke cin jiki, har bayan an samu fenisilin. Daga nan aka samu Rahoton Belmont na 1979. Duk waɗannan suna rubuce. Amma rubutu ba ya tashi ya tsare ƙofar asibiti. Sai an sami mutum a wurin, wanda ya san abin da zai tambaya, kuma yana da ikon cewa a dakata.

Samar da irin wannan mutum shi ne aikin da aka shiga daga farkon ƙarnin nan, kuma gaskiya ita ce da kuɗin waje aka fara. A 2000 Cibiyar Fogarty, reshen hulɗa da ƙasashen waje na hukumar binciken lafiya ta Amurka, ta buɗe shirin tallafa wa horo kan ɗa'ar bincike a ƙasashe masu tasowa. Da farko ɗibar ɗalibai ake yi a kai su can. Jami'ar Johns Hopkins ta riƙa karɓar likitoci da malaman jami'a daga Afirka, su yi karatu a Baltimore, su dawo gida su gudanar da wani aiki da suka tsara. Wannan ya yi amfani, amma mutum ɗaya da ya dawo daga Amurka da takardar shaida ya tarar da asibitinsa ba kwamiti, ba ofis, ba ko magatakarda, to tsintsiya ce sili ɗaya. Shi ya sa tunani ya koma ga gina cibiyoyin horon a cikin Afirka. A Afirka ta Kudu aka kafa shirin SARETI tsakanin jami'o'in KwaZulu-Natal da Pretoria. A Nijeriya kuma, a 2004, wani likitan tiyata na Jami'ar Ibadan, Farfesa Clement Adebamowo, ya samu tallafin Fogarty ya kafa shirin horo na Afirka ta Yamma, wanda daga baya ya zama digiri na biyu a fannin a jami'ar.

A nan ne tallafin ya haifar da abin da ya fi kwas. Mutanen shirin Ibadan sun yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya wajen tsayar da kwamitin ƙasa kan ɗa'ar binciken lafiya, NHREC, wanda Adebamowo ya shugabanta, da kuma rubuta kundin ƙa'idojin ƙasa da ya fito a 2007. Kundin ya ce duk cibiyar da ke bincike kan mutane sai ta kasance ƙarƙashin kwamiti mai rajista. Kwamitin ba zai gaza mutum biyar ba, kuma dole a sami wanda ba masanin kimiyya ba ne a ciki, da wanda ba ma'aikacin cibiyar ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe ina ganin ya fi sauran nauyi, domin likita yana jin nauyin likita ɗan'uwansa, balle in babban farfesa ne ya kawo takarda. Malamin unguwa ko malamar makaranta da ke zaune a gefen tebur ba su da wannan nauyin, su ne za su iya tambaya: in yaron nan ya kurumce, wa zai ɗauki jinyarsa? Kundin ya kuma buƙaci a yi yarjejeniya a rubuce kafin a fitar da jini ko wani samfur zuwa waje. A 2014 Dokar Lafiya ta Ƙasa ta ba kwamitin ƙasa gindin zama a shari'a.

A wannan shekarar ce aka ga ko abin yana da haƙora. Ebola ta shigo Legas a watan Yuli, tsoro ya kama kowa, aka kawo wani abu mai suna Nano Silver da sunan magani. Kwanaki kaɗan bayan an sanar da shi, Ministan Lafiya Farfesa Onyebuchi Chukwu ya fito ya ce bai cika sharuɗɗan ƙa'idojin ƙasa ba, ba za a ba majinyata ba. Annoba ce, gaggawa ce, irin yanayin da aka fake da shi a Kano shekara 18 baya. Wannan karon an sami masu cewa a'a.

Sai dai Kano ta riga ta biya farashi sau biyu. A 2003, lokacin da jihar ta dakatar da allurar rigakafin shan inna a zamanin Malam Ibrahim Shekarau, sunan Trovan yana cikin hujjojin da mutane ke kawowa a majalisu da masallatai: an taɓa mayar da 'ya'yanmu zakaran gwajin dafi. Ba a koma allurar ba sai tsakiyar 2004, bayan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Shari'ar da jihar ta shigar a kan Pfizer a 2007 ta ƙare da sulhu a 2009 kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Iyalai huɗu na farko sun karɓi diyya a 2011, shekara 15 bayan rasuwar 'ya'yansu, kuma sai da aka yi musu gwajin ƙwayar halitta.

Yau asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna da kwamitocinsu, kuma ɗalibin likitanci ya san ba zai taɓa majinyaci da sunan bincike ba sai da takardar izini. Abin da ke damuna shi ne abin da ke ƙarƙashin ginin. Mambobin kwamitocin nan likitoci ne da malamai masu aikinsu na yau da kullum, a tsakanin ɗakin tiyata da aji suke duba takardu. Amincewa da bincike a teburi abu ne mai sauƙi. Zuwa ƙauye bayan wata shida a duba ko abin da aka rubuta shi ake yi yana buƙatar mota da mai da alawus. Horon da ya gina mutanen kuwa har yanzu ya jingina da tallafin Amurka da Turai, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Ga kuma maganar harshe. Takardar neman yarda da Turanci ake fara rubuta ta, sannan a mayar da ita Hausa, sau da yawa Hausar da mai fassarar kaɗai ke ganewa. Uwar da ke riƙe da yaro mai zazzaɓi, wadda ba ta karanta boko, za ta dangwala yatsa a duk inda ma'aikaciyar jinya ta nuna mata, domin a wurinta likita ba ya kawo abin cutarwa. Yadda za a gaya mata cewa ƙuri'a ce za ta zaɓi maganin da ɗanta zai sha, kuma in ta ƙi za a yi masa magani kamar kowa, ta ji ta gane har ta iya maimaitawa ga mijinta a gida, wannan darasi ne da ba za a koya a Baltimore ba. A Kano da Zinder za a rubuta shi.