Na'urar Gwajin Barasa ta Numfashi

Na'urar gwajin barasa ta numfashi kayan aiki ne da 'yan sanda ke sa direba ya hura domin a ƙiyasta yawan barasar da ke jininsa. Robert Borkenstein, tsohon jami'in 'yan sandan jihar Indiana a Amurka, shi ya ƙera irin wadda ta yi suna da Breathalyzer a shekarar 1954.

Na'urar ba jini take aunawa ba. Iskar huhu take aunawa, sannan ta yi lissafi da ƙa'idar da ake bi a Amurka, cewa barasar da ke cikin mililita 2,100 na numfashi daidai take da ta mililita ɗaya na jini. A nan ne gizo ke saƙar, domin wannan ma'auni yakan bambanta daga mutum zuwa mutum, zazzaɓi ma yana iya ɗaga sakamakon. Ragowar barasa a baki, ko gyatsa, ko maganin kurkure baki, duk sukan sa adadi ya haura. Shi ya sa ake jira minti 15 zuwa 20 kafin gwajin da za a kai kotu.

Ƙaramar na'urar bakin hanya ta tantancewa ce kawai. Babbar da ke caji ofis, wadda galibi ke aiki da hasken infirared, ita ake dogaro da ita, muddin an saita ta yadda ya kamata. A 2018 Kotun Ƙolin jihar New Jersey ta ce ba za a karɓi sakamakon gwaji sama da 20,000 ba saboda an tsallake wani mataki wajen saita na'urorin.