Wa Ke Ciyar da Ɗalibi?

Ya kai mai karatu, ka san Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754, ya yi karatu a Agadas? Daga Gobir ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har can. Da malamin ya tashi zuwa Makka, sai Shehu ya koma gida, don mahaifinsa bai ba shi izini ba.

A wancan zamani ayari ke kai ɗalibi, mai masauki ya ba shi ɗaki, maƙwabta su kawo hura.

A 2014 gwamnati ta kafa jami'a a Agadas. Yau mai zuwa karatu wata ƙasa kuɗin gwamnati yake jira. In sun makara, ubansa ke sayar da akuya.