Daga Cigiya zuwa Agogon Bin Sawu

A da, idan yaro ya ɓata a Janfalan ko a tsakiyar kasuwar Makarfi, abin yi sananne ne. A garzaya gidan mai unguwa, a sa sanƙira ya zaga gari, a yi cigiya a masallaci da zarar liman ya sallame: yaro ne ɗan shekara biyar, baƙi, da riga shuɗiya. In kuwa saniya aka kwance cikin dare, masu bin sawu ake tasowa tun raɓa ba ta bushe ba, su duƙa suna duba ƙasa har inda kofato ya hau fako ya ɓace musu. Idan abin ya gagara, a kai sanarwa gidan rediyon Kaduna.

Yau kuwa, a shagunan waya na PZ a Zariya da na Farm Centre a Kano, mai shago zai zaro maka agogo daga kwali ya ce, "Alhaji, ɗaura wa yaro wannan, duk inda ya shiga kana kallonsa a wayarka." Tafiyar da ta kawo mu nan doguwa ce, kuma ba don neman yara aka fara ta ba.

Mafarinta shekarar 1957, lokacin da Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron ɗan'adam na farko, Sputnik. Wasu masana biyu a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka lura cewa daga yadda sautin tauraron ke sauyawa idan ya matso ko ya yi nisa, ana iya lissafa inda yake. Sai aka juya lissafin: in an san inda tauraro yake, ashe mai sauraronsa a ƙasa zai iya gane inda shi kansa yake tsaye. Sojan ruwan Amurka suka fara morar wannan dabara don jiragensu na ƙarƙashin teku. A 1973 ma'aikatar tsaron ƙasar ta ƙaddamar da shirin GPS, aka harba tauraronsa na farko a 1978.

Wani bala'i ne ya buɗe wa farar hula ƙofa. A watan Satumba na 1983 jirgin fasinja na Koriya ta Kudu ya yi ɓatan kai ya shiga samaniyar Sobiyat, aka harbo shi, mutum 269 suka halaka. Shugaba Reagan na Amurka ya ce idan an kammala GPS kowa ma zai amfana da shi. An kammala a 1995 da taurari 24, amma da gangan sojoji suke dagula saƙon da farar hula ke samu, har kuskuren ya kan kai mita 100. Sai a watan Mayu na 2000 Shugaba Clinton ya ba da umarnin a daina.

Akwai abin da mutane da yawa ba su gane ba: tauraron nan bai ganin kowa. Yana can sama, tsayin kilomita dubu ashirin da 'yan kai, aikinsa kawai shela: ga inda nake, ga lokaci. Agogon da ya ji shelar taurari huɗu ko fiye, shi zai yi lissafi ya san inda yake. Wannan kyauta ne. Amma sanin agogo daban, sanar da uban yaro daban. Na biyun sai da layi, da data, da sabis.

Sabis ɗin ya iso Nijeriya a watan Agusta na 2001, lokacin da Econet da MTN suka fara aiki, Ahmed Mohammed Makarfi yana gwamnan Kaduna. Birane suka fara samu, ƙauyuka suka daɗe suna hawa tudu da bishiya suna neman sanda ɗaya. A can waje kuma agogon yana ta ƙanƙancewa. Casio ya fitar da agogo mai GPS a 1999, jibgege kamar an ɗaura wa mutum gwangwani. Garmin ya yi wa 'yan tsere nasu a 2003. Apple Watch ya fito a 2015, aka sa masa GPS a 2016. Daga nan masana'antun Shenzhen na ƙasar Sin suka cika duniya da masu araha, har da na yara masu ɗaukar layin waya.

A nan ne wata matsala ta ɓullo wadda tsohon agogon wani bai santa ba. Agogon zamani ƙaramar kwamfuta ce, tana da manhajar da aka dasa mata a ciki, kuma manhajar tana tsufa ko da gilashin bai tsage ba. Ranar 6 ga Afrilu 2019 ƙidayar makonni ta GPS, wadda ke komawa sifili duk bayan mako 1,024, ta sake juyawa. Wasu tsofaffin na'urori da ba a sabunta musu manhaja ba suka rikice da kwanan wata. A farkon Janairu 2021 kuma agogunan kamfanoni irin su Garmin da Suunto suka riƙa nuna masu gudu a titunan da ba su taka ba, saboda kuskure a bayanan taurari da ake tura musu, sai da aka gyara daga can.

Na yara ya fi tayar da hankali. A 2017 hukumar kare masu saye ta Norway ta gwada wasu agogunan yara, ta gano baƙo zai iya kutsawa ya ga inda yaro yake, ko ya sa taswira ta nuna yaron a inda ba ya nan. A ƙarshen shekarar Jamus ta haramta masu iya sauraron magana a ɓoye. A 2019 Tarayyar Turai ta sa aka janye wani mai suna Safe-KID-One daga kasuwa. Abin da aka saya don tsaron ɗa sai ya zama ɗan leƙen asirin ɓarawo, kuma toshe irin wannan kafa sai da sabuwar manhaja.

Sai dai sabuwar manhajar kan daɗe ba ta iso ba. Me ke sa gyaran ya yi jinkiri? Hannu ya yi yawa. Mai ƙera ƙwaƙwalwar agogo daban, mai rubuta manhaja daban, mai sunansa a kwali daban, kowa na jiran wani. Ga shi kuma gyaran abin da aka riga aka sayar ba ya kawo ko sisi. Manhajar Wear OS 3 ta fito a agogunan Samsung a 2021, amma masu agogon TicWatch Pro 3 sai a ƙarshen 2023 ta iso musu. Kamfanin Fossil kuwa ya fice daga sana'ar agogon zamani gaba ɗaya a 2024.

Idan masu suna haka suke, ina ga wanda ko adireshi babu a kwalinsa? Irinsu ne suka fi yawa a kasuwanninmu. Wani ko GPS ɗin ba shi da shi. Da eriyar sabis mafi kusa yake kintace, kuma a karkara inda eriya ɗaya ke ɗauke da ƙauyuka da dama, sai ya nuna maka yaro a bakin titi alhali yana gida. In ya fara wannan shirme ka kai wa mai gyara, zai juya shi ya ce, "Yallaɓai, wannan ko filashin ba a yi masa, manhajarsa ba ta samuwa." Ga cin caji a garin da wuta ke zuwa kamar baƙuwa. Kuma jama'ar Kaduna sun ga abin da ya faru a 2021, lokacin da aka katse sabis a wasu sassan jihar daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba saboda 'yan bindiga, bayan an fara yin haka a Zamfara.

Shelar taurari tana sauka a gonar rake ta Kudan daidai yadda take sauka a Landan. Yaron da ya kutsa cikin raken da agogo a hannu, agogon na iya sanin inda suke. In babu sabis, ko caji ya ƙare, ko kamfanin ya rufe ya manta da shi, zai riƙe sanin a cikinsa ya yi shiru. Uban kuwa, in magariba ta yi, zai sa takalmi ya nufi masallaci, ya raɗa wa ladan cewa akwai cigiya.