Muryar Ƙirji da Muryar Ka: Waiwaye Kan Shekarar 1837

Masana waƙa sun kasa muryar ɗa namiji gida biyu. Akwai muryar ƙirji, wadda igiyoyin murya da ke cikin maƙogwaro kan yi kauri su kaɗa gaba ɗayansu. Akwai kuma muryar ka, inda igiyoyin kan miƙe su sirance, gefensu kaɗai ke kaɗawa, sai sauti ya fito siriri. A yau mun saba ɗaukar ta farko a matsayin muryar mazantaka. A wannan maƙala za mu nuna cewa wannan hukunci ba daɗaɗɗe ba ne.

A Turai ta ƙarni na 18, dandaƙaƙƙun mawaƙa irin su Farinelli ne ke fitowa a matsayin sarakuna da mayaƙa a wasan kwaikwayo na waƙe da ake kira opera. Ko bayan da tauraronsu ya dusashe, mawaƙi kan koma muryar ka idan waƙa ta yi sama, ba wanda ke ganin gazawarsa. Da wannan salo Adolphe Nourrit ya mamaye dandalin opera na Paris, kuma shi ya fara fitowa a matsayin Arnold a wasan Rossini mai suna *Guillaume Tell* a 1829.

A 1837 sai Gilbert Duprez ya hau wannan dandali a wannan matsayi, ya kai ƙololuwar waƙar da muryar ƙirji tsantsa. Jama'a suka ruɗe da tafi. Rossini kuwa, mai waƙar, abin bai burge shi ba. Ya kamanta sautin da kukan dandaƙaƙƙen zakara a bakin wuƙa. A ganinmu kunnen tsohon ya fi na 'yan kallo, amma ina! Kasuwa ta riga ta yanke hukunci.

Nourrit ya bar Paris ya nufi Italiya, ya miƙa kansa ga Donizetti domin ya sake koyon waƙa bisa sabon yayi, alhali ya haura shekara talatin da biyar. Tsohuwar muryar ta lalace, sabuwar ba ta zauna ba. Bugu da ƙari, a 1838 hukumar Napoli ta hana nuna *Poliuto*, wasan da ya ɗora wa buri. A watan Maris na 1839 ya faɗo da kansa daga saman bene a birnin, ya mutu yana da shekara 37.

Sai a shekarun 1940 Alfred Deller na Ingila ya dawo da siririyar muryar namiji gaban jama'a, bayan ta daɗe tana fakewa a majami'u.