Tsufa a Kurmi: Yadda Riƙon Iyaye Ya Sauya Hannu a Adjamé da Treichville

Shekaru saba'in da suka wuce, da za a tambayi Bahaushen da ke dako a Treichville ko talla a Adjamé inda yake sa ran tsufa zai riske shi, zai ce gida. Abijan wurin nema ce, ana zuwa da ƙarfi a koma da guzuri. Yau a waɗannan unguwanni na Abijan akwai dattawan da suka yi shekara hamsin ba su yi damina a garinsu ba, akwai kuma waɗanda a nan aka yanke musu cibiya har furfura ta same su. Tsufa ya tare a birnin da ba a yi masa shimfiɗa ba, nauyinsa kuma ya faɗa kan 'ya'yan da kasuwa ke jira tun asuba.

Zamanin zuwa da komawa

Hausawa sun san ƙasar Kodebuwa tun kafin Faransawa su shata mata iyaka. Fataken goro da ke bin hanyar Gwanja sun riƙa kaiwa Salaga da Bonduku, wasu har suka yi zango. Abijan kuwa jirgin ƙasa ne ya raya ta. An fara shimfiɗa layin dogo a 1904, ya kai Bouaké a 1912, Bobo-Dioulasso a 1934, Wagadugu a 1954. A 1934 aka ɗauke hedikwatar mulki daga Bingerville aka dawo da ita Abijan. Turawa suka zauna a Plateau, 'yan ƙasa da baƙi suka taru a Treichville ta kudu, a hayin ruwa, da Adjamé ta arewa. Da aka buɗe mashigin ruwa na Vridi a 1950, manyan jiragen ruwa suka fara shigowa har cikin gari, aikin ƙarfi ya yawaita, samari suka kwararo daga Sahel. Fim ɗin da Jean Rouch ya fitar a 1958, wanda Oumarou Ganda ya fito a ciki, a Treichville aka ɗauke shi, kuma rayuwar irin waɗannan samari 'yan Nijar ya nuna: neman aikin yini, kwana a cunkushe, aljihu ba tabbas.

Akasarin masu zuwa a wancan lokaci 'yan cin rani ne. Daga Adar da Gobir da Damagaram, saurayi zai jira a gama girbi, ya nufi kurmi, ya koma kafin ruwan shuka. Mata da iyaye suna can cikin gandu. Saboda haka riƙon tsoho aikin gida ne, kuma a rabe yake: matan 'ya'ya su dafa su yi wanki, jikoki su yi aike, ƙanin da bai yi tafiya ba ya riƙe gona. Abin da ake jira daga ɗan kurmi shi ne kuɗin haraji, turmin atamfa, da abin cika rumbu idan damina ta gaza.

A Abijan kuwa maigida ne madogara. Shi ke sauke baƙo, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa a ciniki, ya nemo masa magani idan ya kwanta. Ciwo in ya yi tsanani, 'yan gari ɗaya su yi karo-karo a sa mutum a jirgi ko mota tare da ɗan rakiya. Fanshon ɗan kasuwa a lokacin abu uku ne: gona, 'yan dabbobi, da ɗa wanda zai gaji rumfa.

Lokacin da aka kwance kaya

Bayan samun 'yancin kai a 1960, kuɗin koko da kofi sun sa Kodebuwa ta yi fice a Afirka ta Yamma, Shugaba Félix Houphouët-Boigny kuma ya buɗe wa baƙi ƙofa. Daga can arewa fari ya yi nasa turin, na 1973 zuwa 1974, sannan na 1984. Wanda ya saba komawa noma ya ga ba abin da zai tarar, sai ya aika a kawo masa iyali. Mahauta da masu tsire, masu sayar da yadi da takalma, dillalan goro da ke hulɗa da Anyama, 'yan tireda da masu shayi, duk suka fara haihuwa a Abijan.

Mazaunin talaka a Adjamé da Treichville shi ne gidan haya mai ɗakuna a jere, kowane iyali da ɗaki ɗaya ko ciki da falo, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, banɗaki na kowa. Matsi ne, amma ya yi wa tsofaffi rana. Tsohuwa ba ta wuni ita kaɗai. Maƙwabciya Bajula ko Bayarbiya za ta leƙa ta, yaro zai miƙo mata buta, in ta yi tari da dare na bayan bango ya ji. Ita ma tana biya da abin da take iyawa: rainon jikoki, tsaron ƙofa, sasanta masu faɗa a bakin famfo. Dattijo kuma yana da masallaci kusa da majalisar da yake zama bayan la'asar.

Sai dai tsarin da hukuma ta gina bai san da su ba. Asusun fansho na CNPS da aka kafa a 1968, a wancan lokaci, na ma'aikatan kamfani ne masu albashi a rubuce. Mai rumfa da mai tura kura ba su da layi a wannan littafi. A 1972 kuma aka gyara dokar zama ɗan ƙasa, aka rufe ƙofar da ɗan baƙo haifaffen ƙasar ke bi ya nemi takardar 'yan ƙasa. Yara da yawa suka tashi suna jin Faransanci da Julanci fiye da Hausar Tawa, amma a takarda baƙi ne. Waɗannan yaran su ne dattawan yau.

Shekarun tsanani

Farashin koko ya karye a shekarun 1980, har gwamnati ta dakatar da biyan bashin waje a 1987. Kamfanoni suka rage ma'aikata, ciniki ya ja baya. A irin wannan yanayi garba ta bazu, wato atceke da soyayyen kifin tuna, abincin mai ƙaramin ƙarfi wanda 'yan Nijar suka yi suna da sayarwa. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kuma da yake yawancin magunguna daga waje ake shigo da su, gidan da ke da tsoho mai ciwo ya fi kowa ji a jika.

Ga kuma katin zama da aka ɗora wa baƙi tun farkon shekarun 1990, wanda sai a 2007 aka soke shi ga 'yan Afirka ta Yamma. Ga siyasar wane ne ɗan ƙasa na asali, a ƙasar da ƙidayar 1998 ta nuna baƙi sun kai kashi 26 cikin ɗari. Tawayen 19 ga Satumban 2002 ya raba ƙasar biyu, ya datse hanyar arewa. Rikicin bayan zaɓe na 2010 zuwa 2011 ya ci rayuka kusan 3,000, Adjamé da Abobo na cikin unguwannin da suka ga tashin hankali.

A waɗannan shekaru iyalai da dama suka koma ga tsohuwar dabara, suka tura tsofaffi da yara gida. Nan aka gane cewa gidan ya canza. Gandu ya watse, an raba gonaki, sa'o'in tsoho sun rasu, matasan ƙauyen su ma suna Libiya ko Aljeriya ko Legas. Wanda ya saba da asibiti a kusa ya tarar da tafiyar rabin yini kafin a auna masa jini. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Da ƙura ta lafa, da yawa suka ce a mayar da su Abijan, wurin 'ya'ya da jikoki.

Jinya biyu, kafaɗa ɗaya

Magidancin Adjamé na yau sau da yawa jinya biyu yake yi: uwa a ɗakinsa, kawu ko gwaggo a Madawa ko Ƙonni. Ta nesa ta yi sauƙi ta fuskar kuɗi. Tsarin aika kuɗi ta waya na Orange Money ya fara aiki a Kodebuwa a 2008, kamfanonin aika kuɗi na Nijar irin su Nita da Al Izza sun rage dogaro da direba, saƙon murya a WhatsApp ya maye gurbin kaset ɗin da ake ba matafiyi. Amma kuɗi ba ya juya mara lafiya a kan shimfiɗa. An ga haka ƙarara lokacin korona, da iyakokin ƙasa suka kasance a rufe daga Maris 2020 har Fabrairun 2023, mutane suka yi ta karɓar ta'aziyyar iyaye ta waya.

Ta kusa kuwa ita ce mai cin lokaci. Cututtukan da ke kwantar da tsofaffi yanzu masu daɗewa ne: hawan jini, ciwon suga, shanyewar ɓarin jiki, ciwon ƙoda, ruɗewar tsufa. Ba jinyar mako biyu ba ce, ta shekaru ce. A manyan asibitoci irin na Treichville, kamar sauran asibitocin yankinmu, likita da nas aikin magani suke yi. Wanka, ciyarwa, wanki, da zirga-zirgar sayo abin da aka rubuta, duk na mai jinya ne. Mai albashi yana iya neman izini. Mai rumfa a kasuwar Forum ko Black Market ta Adjamé ba shi da wanda zai roƙa, ranar da ya rufe shago ranar ba ciniki, gobe kuma mai sayensa ya saba da maƙwabci.

Cikin gida an san wanda ake kallo. Namiji zai ce shi ne mai biyan kuɗin magani, ya fita. Mace ce za ta rage tallan fura ko tuwon sayarwa, ta fasa adashi, ta tashi sau uku cikin dare. In 'ya ce, ana cewa albarka take nema. In matar ɗa ce, ko godiyar ba kullum take samu ba. Aikin da mutum goma ke rabawa a gandu, ko tsakar gida guda ke ɗauka a da, ya tattaru a kan mutum ɗaya.

Tsakar gidan ma tana ɓacewa. Filin Adjamé ya yi tsada, masu gida suna rushe tsofaffin ɗakuna su tayar da bene da shaguna. Rusau ɗin 2024 ya taɓa unguwannin Gesco da Boribana da unguwar mayanka ta Port-Bouët da wani yanki na ƙauyen Adjamé. Iyalai sun koma Abobo da Anyama da Yopougon, sana'a kuma tana nan Adjamé. Mai fita da asuba ya kama motar haya ta gbaka, ya dawo bayan isha'i, ya bar tsoho a bene hawa na uku cikin maƙwabtan da bai sani ba.

Neman mai taya riƙo

Hanya ta farko da ake bi ita ce ta da: a aiko da yarinya daga gida ta zauna da kaka. Tana da arha kuma jini ɗaya ne, amma yarinyar ce ke biya da karatunta, a ƙasar da ta wajabta makaranta daga shekara 6 zuwa 16 tun 2015. Ta biyu ita ce 'yar aiki, wadda akan samu ta bakin wata ko ta hannun masu haɗa aiki. Yawanci shara da girki aka ɗauke ta yi, ba ta koyi ɗaga wanda ɓarin jikinsa ya mutu ba, ba ta san lokacin da gyambon kwanciya ke farawa ba. Ta uku ita ce nas ko mai taimakon nas da ke zuwa gida, wanda ya san aikin amma kuɗinsa ya fi ƙarfin mai ƙaramin jari, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake sefa 75,000 tun 2023.

Bayan kuɗi akwai kunya. Dattijo ba zai yarda baƙuwar mace ta yi masa wanka ba. Tsohuwar da ruɗewa ta kama takan manta Faransanci da Julanci, ta koma Hausar ƙuruciyarta, tana son mai gane ta, mai tuna mata lokacin salla, mai dama mata kunu yadda ta saba. Kai iyaye gidan tsofaffi kuwa, ko da akwai hali, abin gori ne har jikoki. Abin da gidaje ke nema shi ne mutum mai horo, mai jin harshen, namiji ga namiji, mace ga mace, kuma irinsa ya yi ƙaranci domin har yanzu ba mu ɗauki riƙon tsoho sana'ar da ake koyo a biya ba.

Hukuma ta ɗan motsa. Dokar inshorar lafiya ta kowa da kowa, CMU, ta fito a 2014, aka fara cin moriyarta a 2019. Ana biyan sefa 1,000 a wata, jika guda ke nan, asusun ya ɗauki kashi 70 cikin ɗari na abin da ke cikin jerinsa, kuma ta shafi duk mazaunin ƙasar. CNPS ta buɗe tsarin RSTI domin masu sana'ar kansu su tara wa tsufansu. Duka biyun ba sa biyan wanda zai zauna da mara lafiya a gida, na biyun kuma ya zo wa tsofaffin yau a makare. Amfaninsa na 'ya'yansu ne, in sun shiga da wuri.

Al'ummar Hausawan Abijan ta iya haɗa kai. In aka yi rasuwa, kafin azahar an tara kuɗin likkafani da mota, an yi sahu zuwa maƙabartar Williamsville. Wannan tsari da ke aiki ranar mutuwa shi ya kamata a jawo baya ya fara aiki tun ranar kwanciya. Sarakunan Hausawa da limamai da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya suna da sunayen mutanensu: za su iya yi wa kowane tsoho rajistar CMU, su buɗe asusun jinya kusa da na jana'iza, su ɗauki nauyin horar da samari da 'yan mata aikin kula da tsofaffi, a biya su kamar kowane ma'aikaci. 'Yan'uwa maza kuma su karɓi kwana, ko su biya wadda ta rufe sana'arta abin da ta rasa. Muna yawan addu'ar Allah ya sa mu gama da iyaye lafiya. Kafin a kai ga haka, sai an zauna an faɗi wanda zai kwana ranar Litinin, da wanda zai buɗe rumfa ranar Talata.